Guba ko ambaliya: wanne zai hau layin farko a takardar haɗarin mahaɗɗar majari?

Mai Lantarki, Jidda: Salamu alaikum. Duk takardar tantance haɗarin mahaɗɗar famfon majari (tashar da ke tura ruwan ƙazanta) da ka buɗe, layin farko iskar H2S ce, iska mai guba da ke tashi daga ruɓaɓɓiyar ƙazanta. A ganina gado ne daga zamanin da famfo ke ɗakin ƙasa, sai an sauka masa. Yau gaɗɗas ne, wato famfon da ke aiki a nutse, a cikin rijiya, yana zamewa a kan sanduna biyu, a jawo shi da sarƙa a gyara a sama. Abin da ya cancanci layin farko tsayawar famfo ce. A ce lita 60 ke shigowa a daƙiƙa, kuma tsakanin awwamar gargaɗi (makunnin da ke yawo a kan ruwa yana nuna tsayinsa) da bakin rijiya, har da abin da bututun baya zai riƙe, mita 40 ne cubic. Minti 11 ke nan ruwan ƙazanta ya hau titi. Wane ma'aikaci ne zai ratsa cunkoson Jidda cikin minti 11? A jadawalin biyar sau biyar, inda ake ninka makin yiwuwa da makin muni, ambaliya yiwuwarta 4, muninta 3, ya ba da 12. Guba yiwuwa 2, muni 5, ya ba da 10.

Baba Foman: Wa alaikumus salam. Malam, a takarda ne ba a shiga rijiya. A zahiri ana shiga. Gaɗɗas ya ƙi zama daidai a mazauninsa saboda tsumma ya toshe bakin, yana fesa ruwa ta gefe, sai mutum ya sauka. Maiƙon gidajen mandi da bukhari ya daskare ya kama awwama. Sarƙa ta tsinke, famfo ya zauna a ƙasa. Kuma ka manta ɗakin bawul. Shi ba a kiransa rijiya, busasshe ne, tsayinsa bai wuce mita biyu ko uku ba, shi ya sa ake faɗa masa ba gwaji. To iskar ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, ta bi ramin kebul ta kwanta a can. Wannan 2 da ka ba ta, daga ina ka samo?

Mai Lantarki, Jidda: Baba, ai warin ruɓaɓɓen ƙwai yana sanar da kansa tun daga ƙofa.

Injiniya, Makka: A nan ne ake halaka, Malam. Hanci yana jin ta tun ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan ba, gaskiya ne. Amma idan ta kai wajen 100 cikin miliyan sai ta kashe jin warin, mutum ya ɗauka ta tafi. Daga 700 zuwa sama, shaƙa ɗaya ko biyu ya faɗi. Kuma ba a zaune take wuri ɗaya ba. Na'ura za ta nuna sifili da safe, da an taka laka a ƙasa ko mahaɗɗar baya ta kunna famfonta ta turo ruwan da ya kwana a bututu, cikin daƙiƙoƙi ta tashi. Saboda haka gwajin bakin ƙofa bai wadatar ba, na'urar tana maƙale a ƙirjin mai aiki har ya fito.

Ni matsalata da jadawalin ne kansa. Ninka lamba da lamba ya sa titi mai wari ya rinjayi gawa. Duk layin da muninsa mutuwa ce, a fitar da shi daga ninki, a yi masa sharuɗɗan da ba a ciniki a kansu: tasrihin shiga, wato izini, a rubuce, kwaɗo a kan makunnin kowane famfo, mabuɗi a aljihun mai shiga. Gwaji a jere, oksijin tukuna (kada ya gaza 19.5 cikin ɗari), sai iska mai kama wuta (ƙasa da 10 cikin ɗari na matakin fashewa), sai guba, sama da tsakiya da ƙasa. Fankar hura iska tana aiki tun kafin shiga har a gama. Ƙarfe mai ƙafa uku a bakin rijiya da winci, igiya a ɗaure a bayansa, da mai tsaro a sama wanda ba shi da wani aiki. Takunkumi mai matata ba ya ƙara oksijin, sai tukunyar iska.

Baba Foman: Ƙara masa, Injiniya: mai tsaron nan a haramta masa sauka, ko da ɗan uwansa ne ya faɗi. Ya ja winci, ya kira difa'ul madani, hukumar ceto da kashe gobara. Sau da yawa rijiya ɗaya ce ke cin mutum biyu ko uku, na biyun ceto ya je.

Mai Lantarki, Jidda: Ban musa ko ɗaya ba. Amma kuna maganar ambaliya kamar wari ne kawai. Wanda ya ga ruwan Nuwamban 2009 da na Janairun 2011 a garin nan ya san yadda ruwan sama ke cika komai, da fargabar da aka yi kada Tafkin Miski, inda wayit-wayit, wato motocin tanka, ke juye ƙazantar gari, ya ɓalle, har aka ƙafar da shi a 2010. Ranar ruwa murafun titi suna shanye ruwan sama, abin da ke shigowa mahaɗɗa ya ninka, a ranar kuma wuta ta fi ɗaukewa. Idan allon lantarki da janareta suna daidai da ƙasa, su ne farkon nutsewa. Ƙazanta ta koma gidajen ƙasa, ta kusanci tankunan ruwan sha da ke binne a kowane gida. Wannan ma rai ne, sai dai ba a ƙirga shi rana ɗaya.

Alhaji Makaniki: Ku duka kuna jan jela ɗaya ne ba ku lura ba. Malam, me ke tsayar maka da famfo? Buɗe allon kowace mahaɗɗa da ke kusa da teku ka duba jan ƙarfen ciki: ya yi baƙi. H2S ce ta ci shi. Ruwan ƙasan Jidda yana kusa kuma mai gishiri ne, yana tsiyaya cikin bututu da salfet ɗinsa, zafi kuma yana hanzarta ƙwayoyin da ke mayar da shi guba. A bangon rijiya, sama da ruwa, wasu ƙwayoyin su mayar da ita asid, kankare ya koma kamar tuwo, tsani ya ruɓe. Sarƙar da kake taƙama da ita, in ba ƙarfe marar tsatsa lamba 316 ba ce, ita ce za ta tsinke ta tura mutum ƙasa.

Maganin yana a tsari. Gudun ruwa a bututun turawa kada ya gaza mita 0.6 a daƙiƙa, a riƙa kai shi mita 1 don ya kwashe laka. Kada a bar ruwa ya daɗe a rijiya, amma kada a matse awwamomi har famfo ya riƙa tashi fiye da yadda kamfaninsa ya yarda a awa, inji zai ƙone. Ramin kebul a toshe shi a duka bakunan biyu.

Injiniya, Makka: Alhaji ya kawo abin da jadawali ba ya nunawa. Ga kuma zafi. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku, sai aikin ya koma dare, lokacin da mai sa hannu a tasrihi ya tafi gida. A rubuta wanda zai sa hannu da dare.

Mai Lantarki, Jidda: Na janye 2 ɗin, Baba, tunda ana shiga. Amma ban janye minti 11 ba. Kowace mahaɗɗa a rubuta mintocinta a jikin ƙofa, a gwada janareta da famfo a kansa, ba shi kaɗai ba, domin batir da makunnin juya layi su ne ke ba da kunya. A kuma sa bakin da famfon dizal na waje zai jona.

Baba Foman: Wannan bakin jonawar a sa shi a sama, a fili, wajen ɗakin bawul. In ka sa shi a ciki, ranar ambaliya da dare, ana gaggawa, wa kake jin zai tsaya gwada iska?