Gaza ce ta kayar da Labour a Oldham, ko dama can garin a rabe yake?

Ɗan Funtua: Salamu alaikum jama'a. A zaɓen kansiloli na watan Mayun 2024 jam'iyyar Labour ta rasa rinjaye a majalisar Oldham, ƙaramar hukumar nan da ke arewa maso gabashin Manchester a Ingila, bayan ta riƙe ta tun 2011. Ni a wurina dalilin ɗaya ne: ƙuri'ar Musulmi. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen wurin sun kai kimanin 242,000, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu Musulmi ne, akasarinsu 'yan asalin Pakistan da Bangaladesh. Keir Starmer, shugaban Labour a lokacin, ya yi waccan hira ta rediyo a Oktoban 2023, inda aka fahimce shi da cewa Isra'ila na da ikon yanke wa Gaza ruwa da wuta. Mutane suka ƙullace shi, suka jira shi a akwatin zaɓe. Duk wanda Musulmin Oldham suka juya wa baya, ya faɗi. Mai ja ya fito.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Ga ni na fito, Malam. A Chadderton nake zaune, cikin ƙaramar hukumar da kake magana a kanta. Kafin mu je Gaza, amsa mini wannan. A 2021 shugaban majalisar, Sean Fielding, ya faɗi a mazaɓarsa ta Failsworth West. A 2022 wadda ta gaje shi, Arooj Shah, ta faɗi a Chadderton South. A 2023 wadda ta gaji ita kuma, Amanda Chadderton, ta faɗi a Royton South. Shugabanni uku a jere, shekara uku a jere, dukansu 'yan Labour, kuma duka kafin Oktoban 2023. Su kuma wa ya kayar da su?

Ɗan Funtua: Faɗuwar mutum ɗaya daban, faɗuwar jam'iyya daban, Hajiya. Duk da waɗannan, a 2023 Labour ta fito da kujeru 32 cikin 60. Sai da Gaza ta zo sannan ta sauko ƙasa da 31 ɗin da ake buƙata.

Malam Habu: To ai ka kawo mana hujjar da kanka. Jam'iyyar da ke da 32 cikin 60, kujeru biyu kawai za a zare mata ta rasa rinjaye. Tambayar ita ce me ya sauko da ita zuwa 32 a garin da aka san shi da ma'aikatan masaƙa.

Ku bar ni in ɗan yi tsawo, don sai an san shimfiɗar wurin ake gane siyasarsa. Wannan ƙaramar hukuma ba tsohuwa ba ce. An kafa ta ranar 1 ga Afrilun 1974, ƙarƙashin dokar ƙananan hukumomi ta 1972. Aka ɗauko garin Oldham, aka haɗa shi da wasu shida da kowanne ke da majalisarsa a da: Chadderton, Royton, Crompton wato yankin Shaw, Failsworth, Lees da Saddleworth. Auren dole aka yi musu, kuma har yau wasu ba su yafe ba. Ɗan Failsworth ya fi jin kansa kusa da Manchester. Saddleworth kuwa lamarinta ya fi na kowa: sauran duk daga lardin Lancashire suke, ita kaɗai aka yanko daga Yorkshire. Ƙauyuka ne na gidajen dutse a cikin kwaruruka da tsaunukan Pennine, irin su Uppermill da Delph da Dobcross da Diggle, wani ɓangarenta ma yana cikin gandun Peak District. Ta cinye kusan rabin faɗin ƙasar hukumar, amma mutanenta ba su wuce kashi ɗaya cikin goma da ɗan wani abu ba. Kowace shekara, wajen 1 ga Agusta, suna bikin ranar Yorkshire a Uppermill, da farin furensu, alhali Lancashire ja ne nata.

Yanzu ga lissafin da nake so Ɗan Funtua ya duba. Mazaɓu 20 ne, kowacce da kansila uku. Takwas ne kawai ke cikin tsohon garin Oldham: Alexandra, Coldhurst, Hollinwood, Medlock Vale, St James', St Mary's, Waterhead da Werneth. Sauran 12 ɗin na garuruwan gefe ne. Kansiloli 24 ke nan a ciki, 36 a waje. Kuma ko a cikin takwas ɗin ba duka Musulmi ke da rinjaye ba. Ko da kowane Musulmi zai dangwala wa mutum ɗaya, ba za su iya kafa shugabanci su kaɗai ba.

Ɗan Funtua: Ban ce za su kafa ba, Malam. Cewa na yi za su iya kayarwa. Kuma sun kayar.

Baban Khalifa: A nan ina bayan Ɗan Funtua. Kada mu yi ta zagaye. Mazaɓu irin su Coldhurst da St Mary's da Werneth su ne rumbun ƙuri'un Labour shekara da shekaru. In garuruwan gefe sun yi fushi, nan ake komawa a cike giɓi. A 2024 'yan indifenda, wato marasa jam'iyya, suka ci kujeru a irin waɗannan wurare, kuma da Falasɗinu suka yi kamfen, ba su ɓoye ba. Tun kafin zaɓen ma wasu kansilolin Labour sun fice saboda Gaza. Ga kuma Rochdale maƙwabciyarsu, inda George Galloway ya ci zaɓen cike gurbi a Fabrairun shekarar da wannan magana dai. Iska ɗaya ce ta kaɗa.

Maman Ilham: Yaya, ba na musun cewa Gaza ta taɓa zukata, ni ma ta taɓa ni. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki Musulmin Oldham kamar mutum ɗaya mai tunani ɗaya. 'Yan Bangaladesh sun fi yawa a Westwood da Coldhurst, 'yan Pakistan, da yawansu daga Kashmir, a Glodwick da Werneth. Kowa da manyansa, kowa da rigingimunsa na dangi, kuma siyasar dangi a waɗannan unguwanni ta girmi Gaza nesa ba kusa ba. Sannan ita Arooj Shah da ake cewa Musulmi sun kayar da jam'iyyarta, ai Musulma ce, 'yar Glodwick, mace Musulma ta farko da ta shugabanci wata majalisa a arewacin Ingila. An ƙona mata mota a 2021. Ta dawo majalisa a 2023 ta sake karɓar shugabanci, kuma bayan zaɓen 2024 ɗin ma ita ta ci gaba, da goyon bayan wasu 'yan indifenda. In da abin yadda kuke faɗa ne, da ba haka ya ƙare ba.

Auta: Ni dai tambaya gare ni, Anti. Me ya haɗa kansila da Gaza? Ba shara da fitilun titi ne aikinsa ba?

Baban Khalifa: Shara ce aikinsa, ƙanena, da kula da tsofaffi da yara marasa galihu, wanda shi ke cinye mafi yawan kuɗin. Amma talaka da ƙuri'ar da ke hannunsa yake magana. Starmer yana Landan, kansila yana bakin layi.

Malam Habu: Auta ya taɓo wurin. Talauci shi ne abin da ba ku ambata ba. Wannan gari a farkon ƙarni na 20 shi ne kan gaba a duniya wajen kaɗin auduga, masana'antu sama da 300. Nan aka fara zaɓen Winston Churchill zuwa majalisar dokoki a 1900. Ɗan Funtua, kai ma kana da alaƙa da su: masu masaƙun Lancashire ne suka kafa ƙungiyar noman auduga ta BCGA a Manchester a 1902, wadda ta zo ta kafa injinan gurzar auduga a ƙasar Zazzau da Katsina. Bayan yaƙin duniya na biyu aka ɗebo ma'aikata daga Pakistan da Bangaladesh ta yanzu, galibi don aikin dare. Ba a jima ba masaƙun suka yi ta rufewa, aka bar Bature da ɗan Asiya duka ba aiki, kowa a unguwarsa, kowa na zargin ɗan'uwansa da cinye rabon gwamnati. A watan Mayun 2001 abin ya fashe a Glodwick, aka yi kwanaki ana tarzoma. Rahotannin da suka biyo baya, na David Ritchie da na Ted Cantle, duk sun tsaya a kan cewa al'ummomin na zaune gefe da gefe ba sa cuɗanya. A 2016 hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta sa Oldham a matsayin garin da ya fi kowanne fama da rashi a Ingila. Ga kuma zaftare kuɗin ƙananan hukumomi da aka yi ta yi tun 2010. Mutumin Royton yana biyan harajin gida, yana ganin ana kashe kuɗi a tsakiyar Oldham, shi titinsa ramuka.

Ɗan Funtua: Duk wannan tarihi ne. Talaucin yana nan a 2011, a 2015, a 2019, kuma Labour tana ci.

Maman Ilham: Akwai abin da ya shigo tsakani, kuma ba daɗin faɗa gare shi ba. Batun lalata da ƙananan yara mata. Wani bincike mai zaman kansa da aka fitar a 2022 ya gano cewa majalisa da 'yan sanda sun gaza kare wasu yaran, ko da yake bai samu hujjar cewa majalisar ta yi rufa-rufa ba. Amma shekaru kafin nan an yi ta yaɗa zargin rufa-rufar a Facebook, ana cewa Labour na kare masu laifi don ƙuri'ar 'yan Asiya. Zaman majalisa ya koma filin ihu. Wannan ya taka rawa sosai a faɗuwar shugabannin nan a unguwannin Turawa. Ka ga jam'iyya ɗaya, a Failsworth ana cewa ta Musulmi ce, a Werneth ana cewa ta yi watsi da Musulmi.

Baban Khalifa: Wannan wasa da addini a zaɓe ba sabo ba ne a can. Ku tuna Phil Woolas na Labour, da ya ci kujerar Oldham East da Saddleworth a 2010 da ƙuri'a 103 kacal. Kotun zaɓe ta soke nasarar saboda ƙaryar da takardun kamfen ɗinsa suka yi wa abokin takararsa, har da alaƙanta shi da masu tsattsauran ra'ayi. Debbie Abrahams ce ta ci zaɓen da aka sake a Janairun 2011.

Malam Habu: Ku duba babban zaɓen Yulin 2024, wata biyu bayan na kansiloli. Labour ta riƙe kujerun majalisar dokoki biyu na Oldham. A yamma, inda Jim McMahon na Labour ya tsaya, ɗan indifenda ne ya zo na biyu, tazarar ta ragu ƙwarai. A gabas da Saddleworth kuwa jam'iyyar Reform mai adawa da kwararar baƙi ce ta zo ta biyu. Masu zaɓen Reform ba don Falasɗinu suka fito ba.

Ɗan Funtua: Na ji. Amma ina nan kan bakana a abu ɗaya: ba don Gaza ba, da Labour ta tsallake 2024 da rinjayenta, ko da na kujera ɗaya ne.

Malam Habu: Wataƙila. Sai dai wannan ba ita ce maganar da ka buɗe da ita ba. Ka ce duk wanda Musulmi suka juya wa baya ya faɗi, kamar su kaɗai ke da wuƙa da nama. Ni kuma na ce kujeru 36 na hannun garuruwan da yawancin mazaunansu ba Musulmi ba ne.

Auta: To su 'yan Saddleworth ɗin, in sun gaji, ba za su iya komawa Yorkshire ba?

Maman Ilham: Suna da ƙungiyar da ke raya sunan Yorkshire, suna da majalisar gundumarsu, amma ikonta kaɗan ne. Sauya iyaka sai gwamnatin tsakiya ta yarda. Kuma da yawansu a Manchester suke aiki, jirgin ƙasa daga Greenfield suke hawa kullum safe. Tuta suke so ta Yorkshire, motar kwashe shara kuwa daga Oldham take zuwa.

Baban Khalifa: Hajiya, ke da ke Chadderton, wa kika zaɓa a 2024?

Maman Ilham: Wannan kuma tsakanina da akwati ne, Yaya.