Masaukin ƙauye a lardin Yunnan na China: abin da aka tattara daga ra'ayoyin matafiya

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Kafin ka biya, tambayi mai masauki ko yana saukar da baƙin waje, domin dole a yi wa fasfo rajista wajen 'yan sanda.
2. Haɗa katin bankinka da Alipay, manhajar biyan kuɗi ta waya a China, tun daga gida.
3. Garin Shangri-La na kan tudu, ya haura mita 3,000 sama da teku. Fara kwana biyu a garin Dali da bai kai shi tudu ba, in ba haka ba kana iya fama da ciwon kai da haki.
4. Kasuwar garin Shaxi ran Juma'a take ci. Abincin halal kuwa, nemi Musulmin ƙabilar Hui.

An rabu kan tsoffin gidajen ƙabilar Bai na garin Xizhou, kusa da Dali, da aka mayar otal. Wasu sun ce gyaran ya hana su rushewa, wasu kuma haya ce ta yi tsada har 'yan gari na tashi. Masu wannan ra'ayin sun ce kafin a sauka a otal ɗin, a bincika ko 'yan gari ne ke aiki ciki.