Wai wa yake ɗaukar motar Mars hoto?

Abu_Jidda:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin abin nan ku taimaka. An turo mana hotunan duniyar Mars a WhatsApp, duwatsu da jan yashi, wallahi sak hanyar Tabuk, har da wanda motar ta fito gaba ɗayanta. Kawuna ya ce a saharar nan aka ɗauka, in ba haka ba wa ya tsaya ya ɗauke ta tunda ba kowa a can? Na rasa amsar ba shi kuma abin ya tsaya min a rai.

Injiniya_Madina:
Wa alaikumus salam. Kawu ya yi tambaya mai kyau. Ita ke ɗaukar kanta. Motocin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da Curiosity da ta sauka a 2012 da Perseverance ta 2021, duk suna da dogon hannu mai kyamara a bakinsa, sai ta miƙa shi tana juyawa tana ɗauka guntu-guntu, hotuna da yawa, sannan ma'aikatan NASA su ɗinke su su zama ɗaya, a wajen ɗinkin ne hannun ke ɓacewa, amma duba ƙasa da kyau, wani lokacin inuwarsa na nan.

Maman_Hanan:
Ɗana ka ce masa ya bar kallon ƙasa ya kalli sama. A Tabuk sama shuɗiya ce da rana, can kuwa ruwan ƙasa-ƙasa take saboda ƙura, sai rana ta zo faɗuwa kewayenta ya koma shuɗi, akasin namu. Curiosity ta ɗauki wannan a 2015, ni da na gani sai da na yi ta subhanallah. Jan ƙasar ma tsatsar ƙarfe ce.

Ɗan_Makka:
Kuma ba Amurka kaɗai ba ce fa. Motar China, Zhurong, ta sauka a 2021, ita ajiye ƙaramar kyamara ta yi a ƙasa ta ja da baya aka ɗauke ta. Ta yaya China za ta rufa wa Amurka asiri? Hotunan motocin NASA kuma yawanci kumbunan da ke zagaya Mars ne ke karɓa su turo wa manyan dish a California da Sifaniya da Ostireliya, in duniyoyin sun yi nisa saƙon kan kai minti 20 a hanya.

Abu_Jidda:
Jazakumullahu khairan. Mama dan Allah turo min na faɗuwar ranar, bayan Isha'i zan je gidan kawu.