In sun tambaye ni dalilin barin aikina na baya, me zan ce?

'Yar Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Ranar Alhamis ina da intabiyu a wani kamfanin sarin magunguna nan Kumasi, mai riƙe lissafi suke nema. Tambaya ɗaya ce ta hana ni barci.

Shekara ɗaya da wata huɗu na yi a wani shagon kayan gini a Adum, ni ke riƙe da kuɗi da littafi. Wata Asabar da azahar, shago cike da mutane, masta ya ƙirga ciniki ya ce sidi 1,800 babu. A gaban kowa ya sa na zazzage jakata a kan tebur: carbi, cajar waya, ragowar waakye a leda. Wani kafinta da ya zo sayen ƙusa har sunkuyar da kai ya yi. Na tattara tarkacena, na ajiye masa makulli, na taka zuwa Kejetia na hau trotro, ban sake komawa ba. Bayan kwana uku aka gane wani ne ya biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, a layin ɗan ƙanin masta, aka rubuta kamar kuɗi a hannu. Ban haƙuri kuwa har yau shiru.

To in faɗa musu haka? Aikin kuɗi nake nema, kada su ji kalmar sata su tsorata.

Ɗan Asawase:
Yaya, kada ki wahalar da kanki. Ki ce jinyar Mma ce ta sa kika tsaya. Wa zai bincika?

Hajiya Mai Atamfa:
Kai yaro, ka daina jawo wa tsohuwa ciwon da ba ta da shi. Kumasi ɗin guda nawa take? Mai maganin nan da mai kayan ginin ƙila sahu ɗaya suke tsayawa ranar Juma'a, ko su haɗu wajen suna. Waya ɗaya zai buga.

'Yata, na fi shekara ashirin ina ɗaukar yara aiki a shagona. Wanda ya zauna ya fara zagin tsohon maigidansa, tun bai gama ba nake sallamarsa a zuciyata, don gobe ni zai zaga. Ki ce musu: an samu saɓani kan lissafi, aka zarge ni, daga baya ta bayyana kuskuren ba nawa ba ne, amma ban ga zan iya ci gaba da zama ba. Sai ki ja bakinki. Batun jaka da waakye ki bar mana nan. In sun nemi ƙari su tambaya da kansu.

Malam na Alabar:
Hajiya ta gama magana, abu ɗaya zan ƙara. Za su iya cewa me ya hana ki ba da notis. Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003, Act 651, ta ce wanda kwantiraginsa bai kai shekara 3 ba sati biyu zai bayar, ko ya biya albashin sati biyun. Dokar dai ta yarda ma'aikaci ya ajiye aiki saboda muzgunawa. Amma ƙanwata, kada ki je ki karanta musu doka kamar lauya. Ki amsa cewa da yau ne, da takarda za ki rubuta. In tsohon mastanki yana biya miki SSNIT, wato asusun fanshon ma'aikata, ki ciro bayanin asusunki, watannin da kika yi suna ciki. Akwai wanda zai tsaya miki a shagon?

'Yar Aboabo:
Na gode Hajiya, Allah ya ƙara girma. Malam, SSNIT ko sisi bai taɓa biya ba. Amma dattijon da ke kula da sito shi ya gano maganar MoMo ɗin, yanzu na kira shi, ya ce in ba su lambarsa.