Maserati GranTurismo 2010 ta hannu a Abuja, in saya ko in haƙura?

Ɗan Gwarinpa:

Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san kan irin motocin nan. Akwai wata Maserati GranTurismo S ƙirar 2010 da na gani wajen wani dillali nan Abuja, injin V8 4.7, giya otomatik, baƙa wuluk, kujerun jar fata. Wallahi tun ina makaranta nake son motar nan, kuma kuɗin da ya yanka min bai ma kai na Prado mai lafiya ba, abin da ya hana ni barci kenan kwana uku.

Jiya da sassafe na je na ce a tayar min da ita. Ana tayarwa sai na ji wani ƙara kar-kar-kar daga gaban injin, kamar sakan biyu zuwa uku sai ya ɗauke, dillalin ya ce wai haka suke yi in sun kwana biyu a ajiye. Sannan maɓallan ciki na esi da na gilashi duk suna danƙo, na danna ɗaya sai da baƙi ya biyo min yatsa. Ina da Camry da nake zuwa aiki da ita, wannan ta ƙarshen mako ce kawai. Me ke yawan lalacewa a jikinta, kuma riƙe ta a shekara ya abin yake? Kar a ɓoye min komai don Allah.

Bakanike a Apo:

Wa alaikumus salam Alhaji. Toh, ƙaran nan da ka ji shi ne abu na farko da zan ce ka tsaya a kai, kar ka yarda da maganar ta kwana biyu. A gaban injin akwai wani abu da muke ce wa bariyeto, shi ke juya lokacin buɗewar bawul, kuma da ƙarfin baƙin mai yake aiki. In mota ta kwana mai ya sauka ƙasa, da safe kafin man ya hau sai ya riƙa kaɗawa a bushe, in ya fara cinyewa shi ne kar-kar ɗin nan. Sanannen ciwo ne a na shekarun farko, kuma ta 2010 tana iya faɗawa ciki. Gyaransa ba na bakin titi ba ne, sai an kwance gaban inji an taɓa taimin, kuma injin nan Ferrari ne suka haɗa shi a Maranello, wanda bai taɓa buɗe irinsa ba in ya kuskure taimin da haƙori ɗaya to labari ya canza. Ka ci sa'a ma da ka je da safe, da sun ɗumama ta kafin ka iso ba abin da za ka ji.

Inda ka yi dace shi ne giya. Otomatik ɗin kamfanin ZF ce mai giya 6, danginta ne ke cikin BMW da Jaguar da Range Rover na lokacin, mun san ta kuma ana samun manta da filta. Da a ce mai MC Shift ce, wadda kuloci ne a ciki kwamfuta ke taka shi, da na ce ka yi tunani sau biyu, don go-sulo na cin kulocin nan kamar wuta a kara, ka hau hanyar Nyanya da yamma sau kaɗan za ka fara jin ƙauri.

Sai ƙafa. Motar nan a ido kamar ba nauyi amma ta kusa tan 2, ga taya inci 20 mai siririn gefe, ga ramukanmu. Bushin da boljoyin ba sa daɗewa, kuma boljoyin ɗin a haɗe yake da hannun ƙafar, ba kamar na Camry ɗinka ba da za ka aika yaro ya sayo ƙwaya ɗaya, nan hannun gaba ɗaya za ka saya. In kuma mai Skyhook ce shokozobanta na lantarki ne, in ɗaya ya fara yoyo ba a cika canza shi shi kaɗai ba, biyun ake yi. Ka sa a ɗaga ta a lif, a haska tocila a ga ko murfin saman inji na zubar da mai, a kama taya a girgiza.

Batir yana cikin but ne a baya, kuma motar na shan batir ko a ajiye take. In ya yi rauni sai ka ga fitilu sun cika dashbod kamar kowane abu ya lalace, mutane da yawa sun sayi kayan da lafiyarsu ƙalau saboda wannan. Tunda ta ƙarshen mako ce dole ka nemi caja ta riƙe batir, da wutar da za ta riƙe cajar.

Danƙon maɓalli kuwa duk haka suke, wani shafe ne na roba da zafi ke narkarwa, ba zai hana ta tafiya ba, ana gogewa a sake musu fenti. Shi ne mafi sauƙi a duk abin da ka lissafa.

Mazaunin Houston:

Oga bakanike ya gama maganar inji, ni bari in taɓo inda motar ta fito, don a nan nake kuma ina ganin yadda ake lodin su. Ɗan'uwa ka karɓi lambar VIN, wato lambar shaidar motar, haruffa da lambobi 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba, ka kwatanta da ta jikin ƙofa da ta takardun kwastan, sannan ka biya a ciro maka rahoton Carfax, wato na tarihin motar. Ka kuma rubuta lambar a Google kawai, in ta taɓa shiga gwanjon Copart ko IAA sau da yawa hotunanta na ranar gwanjo suna nan, za ka gan ta yadda take kafin mai fenti ya taɓa ta. Yawancin irin motocin nan da ke zuwa gida da araha inshora ne suka biya mai su suka kai gwanjo, ko hatsari ko ruwa.

Ruwan ne ya fi ban tsoro. Ina garin nan aka yi guguwar Harvey a watan Agusta 2017, na ga filaye cike da motocin da ruwa ya shanye, kuma da yawansu jirgi suka hau. Motar da ta sha ruwa za ta iya yi maka wata shida lafiya lau sannan wayoyi su fara tsatsa daga ciki, yau gilashi ya ƙi sauka gobe giya ta ƙi shiga, rewaya ya yi ta lalube. Ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai shatin laka, ka leƙa ƙarfen da kujera ke gudu a kai, ka ɗaga kafet ɗin but wajen batir ka shinshina.

Abin da nake so ka riƙe shi ne motar nan sabuwa ta haura dala dubu 120 a nan Amurka. Kuɗinta ne ya faɗi, kayan gyaranta suna nan a farashin motar dala dubu 120, kuma da dala ko yuro za ka saye su. Kafin Yuni 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, a 2024 ta wuce 1,500, to ka lissafa. Ba kayan da za ka shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka ka ɗauko ba ne, ko Ladipo sai an dace, oda ake yi a jira. Ka duba taya ma, akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT a gefen tayar, biyun farko mako biyun ƙarshe shekara, in sun wuce shekara shida ka sa kuɗin taya huɗu cikin cinikin ko da zanensu bai cinye ba.

Baban Ikram:

Ƙanena, ni na riƙe irinta shekara uku a Kaduna, tawa 4.2 ce ta 2008, don haka abin da ya same ni zan faɗa maka.

Ba zan yi maka ƙarya ba, daɗin motar nan gaskiya ne. Da asuba in na tayar da ita bayan sallah har maƙwabcina ya san na fito, kuma ranar da na fara buɗe mata wuta a kan titin da ba kowa na ji kukan injin nan ya cika min ƙirji, har yau in na tuna sai na ji wani iri. Yarana kuwa kullum rigimar wa zai zauna baya suke, don kujeru huɗu ne na gaske. Ban yi nadamar saninta ba.

Amma tankinta lita 86 ne, kuma a cikin gari da ƙyar take ba ni kilomita 5 a lita, wannan tun kafin a cire tallafi a Mayu 2023 kenan. Kuma ba kowane mai take so ba, gidan mai ɗaya na yarda da shi, ban taɓa zuba mata na 'yan bumburutu ba. Lokacin gurɓataccen fetur ɗin nan na Fabrairu 2022 rufe ta na yi da tamfol sai da abin ya wuce. Ƙasanta kuma a kusa yake, duk tudun rage gudu sai na karkace na hau a hankali, wata rana na ji ƙurrr a ƙofar gidan wani abokina, na sauko na ga leɓen bamba a ƙasa.

Abin da ya karya min gwiwa shi ne zama. Wani ɗan na'ura ya lalace, na ba wani mai kawo kaya kuɗi, aka jira sati biyar ya kawo wanda ba nata ba, aka mayar aka sake jira. Wata huɗu tana gareji ƙura na hawa, ina biyan inshora, tayoyi suna saki, batir ya mutu. Inshorar ma ka sa a lissafi, na dole naira 15,000 ne tun Janairu 2023 amma ba zai biya maka ko fitila ɗaya taka ba, cikakken kuwa ba ya yin ƙasa da kashi 5 cikin 100 na darajar motar duk shekara. Da na zo sayarwa kuma masu zuwa ɗaukar hoto sun fi masu taya yawa, na fi wata bakwai kafin na rabu da ita, kuma da asara.

In kuɗin da ke hannunka iya na sayen ne, ka bar ta. In kuma bayan ka biya akwai wani abu mai kauri a gefe da ba na makarantar yara ba ne ba na haya ba, kana da bakanike mai kwamfutar da ke karanta ta, to bismillah.

Mai Son Porsche:

Ni fa ina ganin ana tsorata shi da yawa. Ba motar da ba ta da nata a wannan layin. Porsche 911 na 996 da 997 na farko suna da matsalar wani boris na cikin inji da ake ce wa IMS, da in ya fashe injin ne ya tafi, sai daga ƙirar 2009 aka cire shi gaba ɗaya. Ferrari 360 bel ɗin taimin ne da ita da ake canzawa duk 'yan shekaru ko ka hau ko ba ka hau ba, ita kuwa Maseratin nan sarƙa ce. Lamborghini Gallardo mai giyar e-gear kuwa matsalarta kuloci. A cikinsu duka wadda ya gani tana cikin masu sauƙi. Kawai a rage masa kuɗin bariyeto da taya.

Bakanike a Apo:

Haka ne malam, ban ce kar ya saya ba. Amma a rage nawa? Sai an ɗaga ta an sa kwamfuta tukuna za a sani. In akwai takardun sabis daga can da ke nuna an taɓa yin bariyeto kuma ƙaran ya dawo, wannan wata magana ce daban.

Ɗan Gwarinpa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, musamman Baban Ikram, maganar wata huɗu a gareji ta shige ni. Na koma ɗazu na ɗauki hoton VIN, na jikin gilashi da na ƙofa sun yi daidai, rahoton nake jira. Taya na baya 2017 ne aka rubuta, na gaba 2021. Na ja bel ban ga laka ba amma kafet ɗin but sabo ne fil, ya fi sauran cikin motar sabunta, ban san dalili ba kuma dillalin ya ce haka ta zo. Takardun sabis babu ko ɗaya. Da na ce zan kai ta Apo a ɗaga sai ya ce sai na ajiye wani abu, na ce a'a ni zan biya kuɗin dubawa da na mai amma ba kafin alƙalami, ya ce zai yi magana da mai ita ya kira ni gobe. Oga bakanike, in ya yarda zan so a kawo ta da yamma ta kwana wajenka, ka tayar da ita da kanka da safe injin na sanyi. Ranar Asabar ta yi maka?