Wai dole sai mutum yana da addini zai zama mutumin kirki?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya min a rai kusan wata biyu kenan, na rasa wanda zan tambaya ba tare da an ce imanina ne ya fara rawa ba, shi ya sa na kawo shi nan.

A wajen aikinmu akwai wani mutum da ba ya addini kwata-kwata, da bakinsa ya faɗa min, kuma ba wai yana zagin addinin kowa ba ne, kawai ya ce shi bai yarda ba. Kwanaki aka samu kuskure a wani rahoto da muka haɗa tare, lamba ɗaya ce aka shigar ba daidai ba ta ɓata lissafin gaba ɗaya, kuma sa hannuna ne a ƙasan takardar. Shugaba ya kira ni ofis, ina tsaye hannuna na rawa ban ma san ta inda zan fara ba, sai ga mutumin nan ya ƙwanƙwasa ƙofa ya shigo ya ce shi ne ya shigar da lambar, ni dubawa kawai na yi. Wallahi da ya yi shiru babu wanda zai taɓa sani, ni kaina ban san shi ne ba. Takardar gargaɗi aka ba shi, ƙarin girman da yake jira ya wuce shi.

To a gefe guda kuma akwai wanda muke sallah a sahu ɗaya da shi, na ba shi amanar kuɗi shekara 3 da suka wuce, da na nema ya murje ido ya ce bai san zancen ba, har yau muna haɗuwa ko a jikinsa.

Tun muna yara ake gaya mana wanda ba ya tsoron Allah babu abin da ba zai iya aikatawa ba. To ni yanzu ya zan fahimci mutanen nan biyu? Kirki daga addini yake fitowa ko kuwa abu ne daban? Don Allah masu ilimi a taimaka, ba gardama nake nema ba.

Ɗalibin Ilimi:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka kwantar da hankalinka, tambayarka ba alamar raunin imani ba ce, kuma amsarta tana cikin sira tun kafin a je ko'ina.

Kusan shekara 20 kafin a aiko Manzon Allah (SAW), wani ɗan kasuwa daga Yaman ya kawo kaya Makka, As ɗan Wa'il ya karɓi kayan ya hana shi kuɗinsa. Mutumin baƙo ne ba shi da dangi a garin, sai ya hau dutsen Abu Ƙubais yana kai kukansa. Wasu gidaje na Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an suka yi rantsuwa cewa duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ne ko baƙo, za su tsaya masa har sai an mayar masa da haƙƙinsa. Wannan shi ne Hilful Fudul. Mutanen nan fa gumaka suke bautawa. Amma Annabi (SAW) ya halarta yana matashi, kuma bayan zuwan Musulunci ya ce da za a kira shi zuwa irin wannan alƙawarin da zai amsa. Ka ga bai ce adalcinsu na bogi ba ne saboda ba su da tauhidi.

Sannan ga Muɗ'im ɗan Adiyyu. Lokacin da Annabi (SAW) ya dawo daga Ɗa'ifa bayan jifan da aka yi masa, shiga Makka ma sai da kariyar wani, Muɗ'im ne ya sa 'ya'yansa suka ɗauki makamai suka raka shi har Ka'aba, kuma ya mutu bai musulunta ba. Bayan yaƙin Badar Annabi (SAW) ya ce da Muɗ'im yana raye ya roƙe shi a kan fursunonin nan da ya sake masa su. Wannan yana cikin Bukhari. Halacci ne aka riƙe wa mutumin da ba musulmi ba.

Ka kuma lura da hadisin da ya ce an aiko shi ne don ya cika kyawawan halaye. Cikawa fa aka ce. Ba a cika abin da babu shi, sai wanda aka tarar da shi bai kammala ba. Allah da kansa a Suratus Shamsi ya ce ya kimsa wa rai sanin fajircinsa da taƙawarsa, rai aka ce, kowane rai. Don haka abokin aikinka da fiɗirar da Allah ya halicce shi da ita ya yi aiki ko da shi bai yarda da wanda ya ba shi ita ba.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Wannan Ibn Jud'an ɗin da aka taru a gidansa, Nana A'isha (RA) ta tambaya a kansa, ta ce yana sada zumunci yana ciyar da miskinai, shin zai amfane shi? Annabi (SAW) ya ce ba zai amfane shi ba, don bai taɓa cewa ya Ubangiji ka gafarta min kuskurena ranar sakamako ba. Muslim ne ya ruwaito. To ka ga maganar kashi biyu ce, kyawun hali a duniya daban, karɓuwar aiki a lahira daban, mu ne muke cakuɗa su sai mu rikice.

Shi kuma mai cin amanar, ka tuna hadisin muflis, wanda zai zo da sallah da azumi da zakka amma ya zagi wannan ya ci dukiyar wancan, a yi ta kwasar ladansa ana biyan mutane har ya ƙare. Addini bai taɓa cewa sahun gaba shaidar amana ba ce.

Uwar Biyu:

Malam Allah ya ƙara ilimi, amma ni dai ban gamsu gaba ɗaya ba kuma zan faɗi dalilina.

Mutum ɗaya ko biyu na kirki marasa addini ai ba shi ne ma'auni ba, akwai waɗanda Allah ya yi su da taushin zuciya tun haihuwa, hali zanen dutse. Tambayar ita ce mu sauran fa, mu da zuciyarmu ke raya mana abubuwa? Ni zan ba da misali da kaina. Akwai lokacin da nake cikin matsi sosai, yaro ba lafiya ga bashi, da daddare sai ga alat ya shigo wayata, kuɗi masu yawa daga sunan da ban sani ba, kuskuren lambar asusu aka yi. Na zauna a bakin gado ina kallon wayar nan ta mutu in sake kunna ta, na fi awa ɗaya a haka, zuciyata tana kawo min hujjoji iri-iri, wai ƙila ma addu'ata ce aka amsa. Tsakani da Allah ba tausayin mai kuɗin ne ya hana ni ba don ban san shi ba, ban san ko mai hali ne ko talaka ba. Abu ɗaya ne ya tsaya min, cewa za a tambaye ni. Da safe na je banki aka mayar.

Da a ce a daren nan na yarda cewa in an mutu shikenan, ni na san kaina, da na ci kuɗin nan. Kamar labarin yarinyar nan mai sayar da madara a zamanin Sayyidina Umar, uwar ta ce a zuba ruwa ai Umar ba ya ganinmu, ta ce in Umar ba ya gani Ubangijin Umar yana gani. Doka da kunyar mutane suna aiki ne inda ido yake. Inda babu ido fa?

Mai Nazari:

Hajiya maganarki ta taɓa ni, kuma na yarda tsoron hisabi birki ne mai ƙarfi. Sai dai ki duba labarin mai tambaya da kyau, abokin aikinsa ma ai a inda babu ido ya yi abin da ya yi, babu wanda ya sani sai shi, kuma ya yi asara a kai. Kenan akwai wani birkin ban da tsoron azaba, ko da kuwa ba kowa ne nasa ke kamawa ba.

Wannan muhawarar tsohuwa ce sosai. Kusan shekara 2,400 da suka wuce Aflatun na Girka ya rubuta wata tattaunawa inda malaminsa Sukrat yake tambaya, shin abu yana zama mai kyau ne saboda abin bauta yana son sa, ko kuwa yana son sa ne saboda dama mai kyau ne? Kuma malaman Musulunci ma sun yi ta fama da irin wannan a ƙarƙashin mas'alar husnu da ƙubhu, wato kyau da muni, Mu'utazilawa suka ce hankali shi kaɗai yana iya gane cewa zalunci mummuna ne gaskiya kyakkyawa ce tun kafin wahayi ya zo, Ash'arawa suka ce a'a shari'a ce ke tabbatar da abin da ake ba da lada ko azaba a kansa, Maturidawa kuma suka tsaya a tsakani, hankali yana gane kyau da muni amma mai hukunci Allah ne. Duk waɗannan fa masu sallah ne suke wannan saɓanin, shi ya sa nake jin zafi idan aka rufe bakin matashi don ya yi irin wannan tambayar.

Wani abin kuma, amsar da mutane ke bayarwa ta danganta da inda suka taso. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta fitar da sakamako a 2020 daga ƙasashe 34 a kan wannan tambayar daidai, a Indonesiya da Filifin kashi 96 cikin 100 suka ce dole sai an yi imani da Allah za a zama na kirki, a Suwidin kashi 9 ne kacal. Wannan ra'ayi aka auna ba hali ba, amma yana nuna min cewa wanda bai taɓa zama da marar addini ba shi ya fi saurin yanke masa hukunci, gani kuwa ya kori ji.

Inda nake ganin marasa addini suna da aiki a gabansu shi ne tushe. Mutum zai iya yin gaskiya ba tare da imani ba, wannan mun gani, amma in ka tambaye shi me ya sa gaskiya ta zama wajibi a kan kowa har wanda ba ya so, a nan amsoshin suke rarrabuwa, wani ya ce hankali, wani ya ce amfanin jama'a, wani ya ce tausayi ne da aka haife mu da shi. Ni har yanzu babu wadda ta cika min ciki kamar a ce akwai wanda ya halicce mu kuma zai tambaye mu.

Bawan Allah:

Ni Kirista ne, ina bin zancen nan tun farko. A wajenmu ma haka abin yake, Manzo Bulus a Romawa sura 2 ya ce al'ummai da ba a ba su Shari'a ba wani lokaci suna aikata abin da Shari'a ta ce bisa ga halitta, don a rubuce take a zukatansu, lamirinsu yana shaida. Kuma a Luka sura 10 da aka yi wa mutum fashi a hanyar Urushalima zuwa Yariko aka bar shi kwance, firist, wato limamin Yahudawa, ya wuce, Balawe, wato mai hidima a Haikalinsu, shi ma ya wuce, wanda ya tsaya ya ɗaure masa raunuka Basamariye ne, wanda Yahudawa ke ganin addininsa gurɓatacce ne. Ɗan uwa mai tambaya, abin da ya same ka da mai cin amanar nan ya yi min ciwo, mu ma muna da irinsu a cikinmu, Allah ya mayar maka da haƙƙinka.

Mai Neman Sani:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya wallahi na karanta naki sau uku, don ni ma ban san me zan yi ba da ni ne a daren nan.

Jiya bayan na ga amsoshinku na yi ƙarfin hali na tambayi abokin aikin nawa me ya sa ya shigo ofis ranar, tunda ya san abin da zai biyo baya. Ya ɗan yi shiru yana juya biro a hannu, sannan ya ce shi ma sai da ya tsaya a bakin ƙofar kusan minti biyar yana tunanin ya juya, amma ya san in ya bar ni na ɗauki laifinsa kullum zai riƙa ganina da safe kuma ba zai iya haɗa ido da ni ba. Jikina ya yi sanyi, don nan take na tuna hadisin da ya ce zunubi shi ne abin da ya sosa maka rai kuma ka ƙi mutane su sani, mutumin da bai taɓa jin hadisin ba shi ne yake faɗa min ma'anarsa.

Malam Ɗalibin Ilimi saura tambaya ɗaya. Maganar Ibn Jud'an ce ta hana ni barci, don yanzu ina jin mutumin nan a raina kamar ɗan uwa. Na san ina iya yi masa addu'ar shiriya kuma na fara tun daren jiya. Amma ta yaya zan fara yi masa maganar addini alhali ya san labarin wanda ya ci min amana, kuma ya san a sahu ɗaya muke sallah?