Wa ya taɓa bin sawun kakanni Jamusawa ta takardun jirgin ruwa?

Maman Biyu, Ohio: Salamu alaikum 'yan uwa. Surukata girma ya kama ta, ba ta da buri sai ta san ƙauyen da kakanta ya fito a Jamus. Sunansa kawai muke da shi, da labarin ya sauka New York wajen 1880. Na yi sati biyu ina tonon rajistar Ellis Island, tsohuwar tashar karɓar baƙin haure da ke New York, ko ƙyallinsa ban gani ba.

Baƙon Hamburg: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ai ba a buɗe Ellis Island ba sai 1892, shi ta Castle Garden, tashar da ta gabace ta, ya shiga. Ki fara nemo tashar da jirginsa ya taso. In Hamburg ce, kakarki ta yanke saƙa. Jerin fasinjojinsu na 1850 zuwa 1934 yana nan, shafin binciken asali na Ancestry ma ya ɗora shi, kuma akwai gurbin garin da mutum ya zauna kafin ya tashi. Ta nan na samo wa wani abokin aikina ƙauyen kakarsa.

Ɗalibar Bremen: Allah ya sa ba ta nan garinmu Bremen ya bi ba, Anti. Tun 1875 suka riƙa zubar da tsofaffin takardun fasinja saboda ƙarancin wurin ajiya, Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙarasa sauran. Na 1920 zuwa 1939 ne suka tsira.

Tsohon Malami: Samun sunan ƙauye ma ba shi ne ƙarshen wahala ba. Rajistar haihuwa ta gwamnati ba ta game ƙasar ba sai 1876, kafin nan sai littafin coci: na Katolika a shafin Matricula kyauta, na Furotesta a shafin Archion da kuɗi. Ga rubutun Kurrent, tsohon rubutun hannu na Jamusawa, kamar kaza ta yi tono a kan takarda. Harafin e kamar n, shi u sai ɗan lanƙwasa da ke samansa ke bambanta shi da n. Na kwana uku ina karanta sunan wani ƙauye ba daidai ba. Da na gane shi kuma, ashe ƙauyen yana kusa da Stettin, wadda ta koma Szczecin ta Poland bayan 1945, sunansa ma ya sauya.

Maman Biyu, Ohio: Na gode ƙwarai, Baba. Yanzu na samo takardar saukarsa: jirgin daga Bremen ya taso. Gobe zan kai Mama tsohuwar cocinsu ta nan, ko a rajistar aurensa an rubuta garin haihuwa.